Gonar Nomau

Sunana Nomau, amma ba ni da gona.
An haife ni ana tsakiyar noma a wani ƙauyen Adar,
yau ga ni a Bukoki, ɗaki biyu na haya,
tsakar gida duk siminti,
ko tsinke ka soka sai ya karye.
Mai gida ya ce, "Kar in ga an fasa mini daɓe."
Na ce to.

Irin, Tsahara ce ta ba ni, mai yaji a kasuwar Wadata,
ƙulle a takardar magani, bai cika farce ba.
Ta ce, "Wannan tumatir wada ne, ba ya wuce gwiwa,
ba ya neman sanda,
ba ya hawan katangar kowa."
Na yi dariya. Ni da ake kira Dogo a gareji,
ni zan yi renon wadanni.

Bido huɗu na man girki na yanke wa kai,
na gasa ƙusa na huda gindinsu,
don tumatir yana son ruwa
amma ba ya son kwana a cikinsa.
Rairayi daga bakin gulbi,
kashin awaki daga Turaku, wanda ya shekara ya huce,
toka cikin tafi.
Na cuɗa da hannu.
Ƙamshin ya kai ni wani wuri mai nisa,
na daɗe a tsugune ban ce komai ba.

Pampo sai ƙarfe uku na dare yake tari,
in tashi in tara.
Hasiya ta daina zubar da ruwan wankin shinkafa,
ruwan alwalata ma a kansu yake sauka.

Kwana shida suka leƙo, da kunnuwa bibbiyu.
Ƙadangare ya riga ni ɗanɗanawa,
ya aske uku, ya hau bango yana gyaɗa mini kai.
Na yaga tsohon gidan sauro na lulluɓe sauran.

Da bazara ta kama wuta, fure ya dinga zuba,
rawaya-rawaya a kan siminti.
Nan na koyi ɗaukar gona a hannu:
da hantsi gefen ƙofa,
da azahar bayan randa, inda inuwa ke ɓuya.
Ubana ya shekara arba'in yana kallon rana tana cin gonarsa,
bai taɓa iya matsar da ita ko taku ɗaya ba.

Sai ƴaƴa, kore shar, kamar maɓallan riga,
sun fi ƙarfin uwarsu, amma ba ta rusuna ba.
Balkisa ke ƙirga su kafin ta tafi lakwal:
"Baba, sha ɗaya sun nuna."
Washegari goma,
da ɗan iri manne a haɓarta.
Ban tambaya ba.

Hasiya ta yi lissafi a kan yatsu:
"Dala arba'in a Wadata ta fi wannan yawa."
Gaskiya ta faɗa.
Amma ba ta yarda ta jefa su miya ba,
ta yanka su ɗanye da albasa da gishiri,
muka ci a hankali, ba mai magana.

Ƙarshen wata mai gida ya yi sallama,
ɗansa ya dawo daga Abijan, yana son ɗakunan.
Yana magana idonsa na kan bido.
Na bar masa ɗaya,
na ce ruwa da safe, kar a cika,
kuma a kula da ƙadangare.

Amalanke ya kwashi katifa da tukwane sai Talaje.
Biyu a tsakanin ƙafafun Hasiya,
ɗaya a cinyata,
jajaye suna rawa kamar ƴan kunne duk inda muka faɗa rami.
A mararraba wani mai babur ya rage wuta,
ya ce, "Malam, a ina gonarka take?"

Na ɗaga masa ita.